Inji Mai Lamba Takwas

Shekaru da yawa na yi a Surgut ta ƙasar Rasha ina ɗumama wa mutane ƙafafu. Aikina ke nan. In shimfiɗa siraran bututu a ƙasan ɗaki, in lanƙwasa su su je su dawo kamar hanjin rago, a zuba siminti a kai, sannan in ɗaura ɗan injin da zai riƙa tura ruwan zafi yana zagayawa a ciki. Mai gida ya cire safa ya taka, ya kira matarsa ita ma ta taka, ni kuma in tattara kayan aikina in koma ɗakin hayar da muke cushe a ciki, inda ban taɓa kwana ba tare da safa ba. Gwiwoyina can na baro su. Abin da na riƙo zuwa gida bai wuce ciwon baya da iya zagi da Rashanci ba.

Duk ranar da na kira gida, mahaifina, Ata, maganarsa ɗaya ce.

"Kenjebek, ƙafafun Rashawa sun gasu kuwa? Na ubanka dai suna nan kamar duwatsun rafi."

Sai ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, in jiyo mahaifiyata, Apa, daga gefe tana cewa, "Ba ni wayar nan, kai dai ba ka da aikin yi."

Ni ne auta, kuma a wurinmu gidan uba na auta ne, tsofaffin ma nasa ne har su koma ga Allah. Saboda haka da zafin bana ya shigo na tattaro na dawo ƙauyenmu gaba ɗaya. Ban ko gama hutawa ba, ni da matata Saikal muka fitar da kayan ɗakin tsofaffi waje. Na fasa tsohon katakon ƙasa, na shimfiɗa bututu, na zuba siminti, na jera tayil. Na girka tukunyar ruwa mai cin kwal a zauren baya. Na je kasuwar Narin wajen Toktosun mai sayar da kayan ruwa, na sayo ƙaramin inji mai lamba huɗu, wanda ya ishi ɗaki ɗaya har ya yi saura. Tsohon murhun ƙarfen da ke ɗakin kuwa, wanda ya huje yana cika musu ido da hayaƙi, na fitar da shi na toshe ramin hayaƙin da siminti. Na ce ba za a sake buƙatarsa ba. Bakina ne ya faɗa, ba wanda ya tilasta ni.

Ata yana zaune a kan kujera a bakin ƙofa duk tsawon aikin, yana ba ni umarni a kan abin da bai taɓa gani ba. Ranar da na gama ya taka tayil ɗin da ƙafarsa ba takalmi, ya ɓata fuska.

"To, kunna mana mu ji."

"Ata, sai simintin ya bushe sarai. In aka sa masa zafi yanzu tsagewa zai yi. Kuma ai sanyin bai zo ba."

"Ji ɗan banza," ya ce da Apa. "Rashawa yana kunna musu, ubansa kuwa a jira."

Aka mayar da kayansu. Apa ta shimfiɗa abin da take shimfiɗawa tun kafin a haife ni. Da farko wani ulu mai kauri marar ado wanda ya rufe ɗakin bango zuwa bango, a kansa kuma shirdak ɗinta, dardumar nan ta gashin tumaki da ta danne ta ɗinke da hannunta tana amarya, ja da baƙi. A kan wannan ake jera katifun kwana. Na ce a raina, in sanyi ya zo ma yi magana.

Makon da makiyaya suka sauko da dabbobi daga tsaunuka, Ata ya kwanta a wurinsa na jikin bango bayan la'asar, ya ce kansa ya yi nauyi. Bai sake tashi ba. Aka yi masa wanka, aka sa masa likkafani, aka naɗe shi a cikin wani shirdak kamar yadda ake yi, muka ɗauke shi zuwa makabarta. Abin da ya tsaya mini a ido shi ne siffarsa a cikin ulun, doguwa, siririya, ƙarama fiye da yadda na san shi. Simintin ya bushe a kwanakin da muke karɓar gaisuwa.

Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka da wuri. Na hura tukunya, na kunna inji, ya fara ɗan gurnaninsa mai laushi. Na taɓa bututun da ke shiga ɗakin, zafi. Na taɓa wanda ke dawowa, shi ma zafi kusan ɗaya. Duk wanda ya yi aikin nan ya san ma'anar wannan. Ruwa ya je ya dawo da zafinsa, bai sauke komai a ɗakin ba, domin ulu ya danne shi. Na shiga wajen Apa, na tarar tana zaune cikin rigar sanyin Ata, numfashinta yana fita fari.

"Apa, sai an ɗaga shimfiɗar nan. Zafin yana ƙasa, ya rasa hanyar fitowa."

Ta dube ni kamar na ce a sayar da gidan.

"A kan me ubanka ya cika?"

"A kan ita. Na sani."

"To tana nan inda take har a yi sadakar shekara. Haka uwata ta yi wa ubana. Ba ni ɗaga ko ɓangare guda."

"Rabi kawai. Wajen ƙofa."

"Mutane suna zuwa mini gaisuwa, in zaunar da su a kan dutse? Su koma su ce ɗan Ulkan ya dawo daga Rasha ya mayar wa uwarsa da ɗaki banɗakin asibiti?"

"To ki zura hannunki ƙarƙashi ki ji. Ki ji kawai."

"Ba ni zurawa. Na san ka. Yau hannu, gobe ka naɗe mini ita."

Na ce to ta dawo ɗakinmu, mu ba mu shimfiɗa komai ba sai ƙaramar tabarma. Ta ce mace ba ta barin ɗakin mijinta ya kwana ba kowa. Na aro hita ta lantarki a maƙwabta. Da hunturu wutar ƙauyenmu ba ta da ƙarfin kirki, ɗan injin ruwa yana tafiya da ita don bai fi ƙwan fitila ci ba, amma wayar hitar da ƙyar take yin ja. Ga shi Apa ta ce tana cinye mata iska, ta sa Saikal ta fitar da ita. Na je na duba tsohon murhun a bayan garke, na ga tsatsa ta gama da gindinsa. Saikal ta riƙa cika kwalabe da ruwan zafi tana tura mata cikin bargo. Duk da haka tari ya kama Apa, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji.

A waya yayata Burul ta ji tarin. Ita ce babbarmu, muna ce mata Eje, kuma tun muna yara ba ta taɓa tambayar ra'ayina a kan komai ba. Tana Bishkek, babban birni, a hawa na biyar na wani bene inda ɗumi ke zuwa da kansa ta ƙarfen bango, har sai an buɗe taga.

"Kai, gwanin Surgut," ta ce, "me nake ji a ƙirjin uwata?"

"Eje, ina kan gyarawa."

"Ka fasa ɗaki, ka yar da murhu, ka bar tsohuwa a cikin firji. Na binne uba bana, ban shirya binne uwa ba. Ranar Asabar ina tafe da mota. In na taka ɗakin nan na ji sanyi, zan tafi da ita, kuma kada ka buɗe mini baki."

Ba zan ce ba ta da gaskiya ba, abin da ya fi gajiyar da ni ke nan. Amma Apa ta taɓa zama a benen nan lokacin da aka yi mata aikin ido. Ta dawo a rame, ta ce a can mutum ba ya taka ƙasa, sai dai ya leƙo ta ta taga. Yanzu da ba Ata, da gwiwoyin da ba za su sauko matakala ba, na san in ta hau benen nan sai dai a sauko da ita. Kuma ƙauye zai ce auta yana raye, yana cikin gida, 'yar mace ta zo ta ɗauke uwa don ya kasa ɗumama ɗaki guda. Wannan ma ya dame ni, ba zan ɓoye ba, amma na farkon ne ya hana ni cin abinci.

Na gaya wa Apa abin da Eje ta ce. Ta ja bargo ta juya fuska ga bango.

"Ba ni zuwa. Shimfiɗa kuma ba a ɗagawa. Kai ne mai ilimin, ka san yadda za ka yi."

Washegari na shiga motar haya zuwa Narin. Direban ya tsaya ɗaukar buhunan dankali, ya tsaya gaida surukinsa, ya tsaya zuba ruwa a inji. Na isa kasuwa ƙafafuna ba sa jin kansu.

Shagon Toktosun kwantena ce ta ƙarfe, an rataye bututu da makullan ruwa har rufi. Shi kuma yana zaune a can ciki da hular gashi, ya rungume butar shayi kamar jariri. Ya girme ni, tare da wana marigayi suka yi makaranta, shi ya sa nake ce masa baike, wato yaya.

"A'a, Barashe!" ya ce. "Shigo ka rufe mini ƙofa. Allah ya ji ƙan Ata. Yaya tsohuwa?"

"Tana tari, baike. Inji nake so."

"Wanda na ba ka ya mutu?"

"Lafiyarsa ƙalau. Babba nake so."

Ya zuba mini shayi, ya tura mini gutsuren burodi, sannan ya miƙa hannu ya sauko da kwalaye uku ya jera a kan tebur. Ya buɗe su. Duk kamarsu ɗaya, jajaye, kowanne bai fi kan ɗan rago ba.

"Ga huɗu, irin naka. Ga shida. Ga takwas. Ɗaki nawa?"

"Ɗaya. Ka sani."

"Ya ƙara girma ne tun lokacin zafi?"

"A'a."

"Bututun ya ƙara tsawo?"

"Baike, don Allah."

"Tambaya nake yi. Shida na gida ne mai ɗakuna da yawa. Takwas kuwa, in kana da makaranta mai bene, to bismillah. Ka sa shi a ɗaki ɗaya, ruwa zai riƙa gudu a bututu kamar an biyo shi da sanda. Zai yi maka kuka, ya ci wuta, ya gajiyar da makullai. Kuma ɗumi ko na ƙwayar shinkafa ba zai ƙaru ba." Ya kurɓi shayi. "Shimfiɗa nawa ke kan daɓen?"

Na kawar da kai ina juya kofina.

"Biyu? Uku?"

"Biyu. Da katifu."

Ya yi dariyar da ba ta da daɗi, ya nuna bangon bayansa inda kwalayen takwas suka kusa ƙarewa.

"Ka ga nan? Tun da sanyi ya shigo ba abin da nake sayarwa sai wannan. Duk wanda ya sa ɗumin ƙasa a garin nan sai ya dawo mini yana cewa inji ya yi ƙanƙanta. Mu mutanen nan, mu haƙa ƙasa mu binne zafi, mu kawo ulun tumaki goma mu rufe shi ruf, sannan mu zo mu zagi inji. Ni kaina a gidana haka ake. Na ce wa matata ta ɗaga, ta ce in ɗaga kaina in bar mata gida. Sauran dai ba su sani ba, sai in karɓi kuɗinsu in yi musu addu'a. Amma kai, Kenjebek? Kai da ka fi ni sanin abin nan? Inji ba ya haifar zafi, ɗan aike ne kawai."

"A kan shimfiɗar Ata ya cika," na ce. "Ta ce sai shekara."

Ya ajiye kofinsa.

"Eje kuma tana zuwa Asabar da mota."

"Burul?" Ya shafa gemu. "Wannan ko malaman makaranta tsoronta suke ji."

"Zan ƙara wuta a tukunya, in buɗe makullin zafi, in sa wannan ya tura. Wataƙila wani abu ya ratso."

"Ka yarda da abin da kake faɗa?"

"A'a. Amma in ta kira anjima ta ce me ka yi, in ce mata na sayo babba. Ba ni da wani abin da zan ce, baike. Na gaji."

Ya rufe kwalin takwas, ya ɗaure shi da igiya ya yi masa mariƙi.

"Kada ka yar da kwalin," ya ce. "Kuma kada ka yage takardar jikinsa. Za ka dawo mini da shi."

Na isa gida da sauran rana. Na rufe makullai, na kwance ƙaramin, na ɗaura babban. Saikal tana riƙe mini kwano tana tarar ruwan da ke ɗiga. Na cika tukunya da kwal, na buɗe zafi fiye da yadda zan yarda a yi a gidan wani, na kunna.

Toktosun bai yi ƙarya ba. Nan take bututu suka ɗauki wani kuka siriri mai shiga haƙori, ga kuma gurnani a ƙasansa wanda ake ji a tafin ƙafa. Kofuna suka fara ɗan karkarwa a kan kanta.

"Mene ne wannan?" Apa ta yi kira daga ɗaki.

"Sabon inji ne, Apa. Mai ƙarfi."

"Ƙarfin baki dai. Irin na mijin Burul."

Aka kwana, aka wuni, aka sake kwana. Na riƙa zuba kwal kamar mai ciyar da jirgin ƙasa. Tulin da na tanada don tsakiyar hunturu ya fara raguwa a idona. In na shiga ɗakin sai in tsaya in buɗe baki in ga ko numfashina ya daina yin fari. Bai daina ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne warin tumaki, don ulun ƙasa ya fara gasuwa. Zauren baya kuwa, inda ba kowa sai takalma, ya yi zafi har ana cire riga. Eje tana kira safe da yamma. Na ce mata na sayo babba. Ta ce ba girman inji ta tambaye ni ba.

Ranar Juma'a Apa ta ƙara mini da wani ƙorafin. Kyanwarta, wata tsohuwa mai toka-toka da ke kwana a ƙafafunta, ta daina zuwa.

"Ihun abin nan naka ya kore ta. Ita kaɗai ce mai ɗumi a ɗakin nan, ita ma ka raba ni da ita."

Na duba garke, na duba rumbun ciyawa, na duba zauren baya. Ban gan ta ba, kuma ban damu sosai ba. Da yamma na ga Saikal ta sauko da tsohuwar akwatin Apa daga saman kabad tana goge mata ƙura a ɓoye. Da ta gan ni sai ta tura ta bayan ƙofa. Ban yi mata faɗa ba, don ni ma na riga na fara tunanin waɗanne magunguna za a haɗa mata.

Asabar da safe Saikal tana wajen tatsa, sai na ɗauki shayin Apa da kaina, da madara da ɗan gishiri yadda take so. Na tura ƙofa da gwiwar hannu.

Katifarta ba kowa. Bargo a ninke. Na juya ido wajen bango, wurin Ata, sai na ga shirdak ya tashi. A ƙarƙashin ulun akwai siffar mutum, doguwa, siririya, ƙarama, ba motsi.

Ban san lokacin da na ajiye tiren ba. Na tsuguna a wurin, ina kallon siffar. Abin da ya zo mini a rai shi ne, ga shi na kashe ta, kuma Eje tana hanya.

Sai gefen shimfiɗar ya motsa. Kan kyanwa ya leƙo, ta yi hamma, ta koma.

"Rufe ƙofa," in ji muryar Apa daga ciki. "Kana shigo mini da iska."

Na rarrafa na je. Ta ɗaga gefen shimfiɗun biyu ta wajen bango, ta shimfiɗa mayafinta a kan tayil, ta shige ta ja su a kanta, fuskarta kaɗai ke waje. Kumatunta sun yi ja. Rabon da in ga jini a fuskarta tun ranar jana'iza.

"Apa, kin kusa kashe ni."

"Kai ka cika tsoro. Bayan sallar asuba na ga ulu yana motsi, na ce ɓera ne. Na zura hannu, ashe munafukar nan ce. Tun jiya tana nan tana shan daɗi ita kaɗai." Ta yi ɗan tari, mai sauƙi. Sannan ta kafe ni da ido. "Kada ka ce na ɗaga. Ban ɗaga ba. Tana nan inda take. Ni ce na sauka."

"Ban ce komai ba."

"Wurinsa da ɗumi, auta," ta ce a hankali. "Tun da aka fita da shi, kullum in na miƙa hannu wurin nan sanyi nake ji."

Ba mu kai ga shan shayin ba muka ji ƙahon mota. Eje ta shigo da doguwar rigarta ta birni, ta cire takalma a bakin ƙofa, ta taka shirdak da safa, ta ja baya.

"Ka ji! Na faɗa! Ko gawa aka ajiye a nan ba za ta..." Sai idonta ya kai bango. Ta dafe ƙirji. "Innalillahi!"

"Ke ma?" in ji Apa. "Duk ku kun matsu in mutu. Cire wannan rigar ki shigo."

"Apa, me kike yi a ƙasa? Kenjebek, kai ka sa ta a nan? Kana da hankali kuwa?"

"Bar shi. Na ce ki shigo."

"Ni? In shiga ƙarƙashin darduma kamar ƙuma?"

"Burul."

Shekarunta sun haura hamsin, tana da jikoki, amma da ta ji sunanta da wannan muryar sai ta cire rigar ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Ta durƙusa tana gunaguni, ta ɗaga gefen ulun, ta tura ƙafafu, ta shige har kafaɗa. Gunagunin ya tsaya. Ta kwanta tana kallon rufi. Injin yana ta kukansa a ƙarƙashinsu.

"Nan Ata yake kwana?" ta ce.

"Nan."

Eje ba ta yi kuka a gabanmu ranar jana'iza ba, ita ce mai rabon aiki da ƙirga baƙi. Yanzu sai ta juya ta cusa fuska a kafaɗar Apa. Na tsaya riƙe da rigarta, na rasa inda zan sa idona.

Da ta natsu ta share hanci, muryarta ta dawo irin ta da.

"Apa, ba za ki yi hunturu guda a ƙarƙashin shimfiɗa ba. Mutane za su ce me?"

"In sun zo zan fito in zauna a sama in sha sanyi tare da su. In sun tafi in koma. Ke kuma ki ci abinci, Saikal ta zuba miki nama da man shanu a mota, ki gaida yara."

"Tarin fa?"

"Kin ji shi tun da kika shigo?"

Eje ta kasa kunne. Sannan ta dube ni daga ƙasa, gashinta duk zaren ulu.

"Zan riƙa kira kullum," ta ce. "In na ji shi ya dawo, wallahi..."

"Na sani, Eje."

"Ba ka san komai ba. Miƙo shayin nan, ya huce."

Na miƙa musu. Apa ta ɗago kai ta kurɓa, ta ɓata fuska ta nuna ƙasa da haɓa.

"Auta, ka raba ni da wannan mai ihun. Na farkon ya fi ladabi. Kuma ka rage wuta, ba gasa ni na ce ka yi ba."

"To, Apa."

Na juya zan fita, sai ta sake magana. Ba da ni take ba sosai, tafin hannunta yana kan tayil, tana shafa shi.

"Tsohon nan ya cika gaggawa," ta ce. "Da ya ɗan jira, da ya ji abin da ɗansa ya yi masa."

Ban iya tsayawa a ɗakin ba. Na fita zauren baya, na kashe injin, gidan ya yi tsit. Na daɗe a tsugune a gaban bututun kafin idona ya washe har in ga inda na ajiye sifana. Kwalin yana nan bayan ƙofa kusa da akwatin Apa, da igiyarsa da takardarsa.